KASTIN: Minti Biyun Nan Da Muke Tsallakewa A Farkon Fim

  

Yau tambaya zan fara yi muku, kuma don Allah kowacce ta ba kanta amsa tsakani da Allah. Idan kin kunna fim aka fara jero sunayen nan na farko, wanda muke kira kastin, me kike yi? Na san amsar, domin ni ma haka nake da. Wata ta tashi ta je ta ɗebo ruwa, wata ta leƙa tukunya, mai waya kuwa ta sa yatsa ta ja fim ɗin gaba tana cewa, "Mu dai a kai mu wurin labari." To ni wannan ɗabi'a sai da ta ci mini tunkiya sukutum kafin na gane kurena. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

DAREN DA KAKA TA GANE FIM BA TA GANI BA

Wani hutu ne cikin hunturu, Yayana ya dawo gida Kashin Zama daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, inda yake karatu. Shi mutum ne mai son harkar haɗa bidiyon biki, don haka kwamfutarsa cike take da finafinai iri-iri. Bayan sallar isha'i muka taru a ɗakin Kaka saboda ɗumin garwashi, ya kunna mana wani tsohon fim marar kala. Rubutu na fara fitowa na miƙa hannu zan ja shi gaba, caraf ya riƙe mini hannu.

"Ke kam ba ki da haƙuri. Fim ɗin kike so ki yanke wa kai?"

Na ce, "Yaya, sunaye ne fa kawai."

Ya ce, "To zauna ki ga sunayen."

Na zauna ina kumbura. Wasu layuka ne kurum suke shigowa da gudu, wasu daga gefe, wasu daga sama da ƙasa, su haɗa suna, kafin ki gama karantawa sun tsarge shi biyu sun watse. Ga wani kiɗa mai kama da goge yana ta sara kamar ana bin mutum a guje. Babu fuskar kowa, babu jini, babu wuƙa. Amma wallahi sai na ji na janyo mayafina na ƙudundune. Kaka da ke kwance ta ba mu baya, ko allon ba ta gani, sai ta ɗago kai ta ce:

"Kai ɗiyan ga, mi kuka kallo? Wanga kiɗi ba na lahiya na ba. Ku hitar min da Auta waje."

Muka kwashe da dariya, amma Yaya bai yi ba. Ya ce gaskiyar Kaka ce, ya rufe fim ɗin, ya ce ba na yara ba ne. Daga baya da Auta ta yi barci ya riƙa nuna mini farkon finafinai kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, yana yi mini bayani. A daren nan na koyi abin da ban koya ba a shekara shida na sakandare.

WANDA YA MAI DA SUNAYE LABARI

Fim ɗin da Kaka ta gane sunansa Psycho, na shekarar 1960, na wani darakta ɗan Ingila mai suna Alfred Hitchcock wanda ya yi fice a finafinan zullumi, wato irin waɗanda zuciya ke ɗar-ɗar tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya tsara layukan nan kuwa wani mai zane ne ɗan Amurka, Saul Bass, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1996. Kafin zuwansa yawancin kastin jerin sunaye ne kawai a kan allo, kamar takardar rajista, mutane na hira suna neman wurin zama har ya wuce. Shi ne ya nuna cewa a cikin minti biyun nan ana iya kama zuciyar mai kallo a murɗa ta yadda ake so, tun jarumi bai buɗe baki ba.

Ki duba hikimar. Labarin Psycho na wani mutum ne da hankalinsa ya rabu gida biyu. Saul Bass bai gaya miki haka ba, sai ya riƙa tsaga sunaye gida biyu a gabanki. Idonki ya gani, zuciyarki ta karɓi saƙo, ke kuwa ba ki ma san an aiko miki da komai ba. Shi kansa Hitchcock sai da ya sa doka a gidajen silima cewa duk wanda ya makara aka fara fim ɗin kada a bar shi ya shiga, ya jira nuni na gaba. Ashe su masu abin sun san darajar farko, mu ne muke wasa da shi.

KUNNE YA RIGA IDO

Abu na farko da ake kama mu da shi shi ne sauti, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Duk wadda ta tashi a ƙasarmu ta san take. A filin dambe, tun ɗan wasa bai fito ba, makaɗi na buga takensa jikin 'yan kallo zai ɗauki tsuma, kamar yadda iyayenmu ke ba da labarin marigayi Ɗan Anace idan ya waiwayi Shago. To kastin shi ne taken fim.

Mai kiɗan Psycho, Bernard Herrmann, bai sa ganga ko algaita ko ɗaya ba, kayan tsirkiya zalla ya tara, dangin goge manya da ƙanana, ya sa ana sara su da ƙarfi maimakon a ja su a hankali. Shi ya sa Kaka ta ji kamar ana bin wani.

A fim ɗin Jaws na 1975, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni, labarin wani ƙaton kifin teku ne mai cin mutane. Mai kiɗan, John Williams, murya biyu kacal ya ɗauka masu kauri, yana maimaita su, da farko a hankali, can sai su riƙa matsowa kusa da juna suna ƙara sauri. Ki sa hannu a ƙirjinki lokacin da kika tsorata, haka zuciya take yi. Tun a kastin an koya wa kunnenki cewa wannan sauti na nufin mutuwa na tafe, saboda haka duk inda kika sake jin sa a tsakiyar fim, ko da yara ne ke wanka ana dariya, hanjinki zai kaɗa.

Wani kuma da ya ba ni mamaki shi ne Halloween na 1978. Kabewa ce fa, 'yar uwa, irin wadda muke miyar taushe da ita, aka fafe ta aka yi mata ido da baki aka kunna kyandir a ciki. Allo baƙi ƙirin, kabewa a gefe guda, kyamara na matsawa wurinta kaɗan-kaɗan har ta kai ga idonta. Daraktan, John Carpenter, shi ya tsara kiɗan da kansa, ya yi shi da bugu biyar-biyar maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba. Sai ki ji kamar mai tafiya da ɗingishi yana biye da ke. Tun daga ranar nake yi wa kabewar Inna wani irin kallo.

A NUNA MIKI HANNU A ƁOYE FUSKA

Dabara ta biyu ita ce rowa. Mai hikima ba ya ba ki abu gaba ɗaya, ɗan gutsure yake miƙo miki ya bar zuciyarki ta ƙarasa zanen, domin ya san dodon da kika ƙera da kanki ya fi wanda za a nuna miki ban tsoro. Ba ku lura ba, a tatsuniya Kaka ba ta taɓa gaya mana kamannin Dodo filla-filla, amma kowa na ganin nasa idan an kashe fitila?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Se7en na 1995, na darakta David Fincher, wanda Brad Pitt da Morgan Freeman suka fito a matsayin 'yan sandan ciki. Kyle Cooper ne ya tsara kastin ɗinsa. Hannuwa kawai ake nuna miki. Hannun na kankare fatar kan yatsunsa da reza don kada ya bar shaida, yana cika littattafai da ƙananan rubutu, yana shafe wasu kalmomi da baƙin alƙalami, yana ɗinke takardu da zare da allura. Su kansu sunayen kamar da ƙusa aka karce su, suna rawa suna tsalle. Mai hannun nan ba za ki ga fuskarsa ba sai fim ya yi nisa ƙwarai, amma tun a minti biyun farko kin shiga ɗakinsa, kin san mutum ne mai haƙuri da tsari a kan mugunta. Har sunan ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, Kevin Spacey, ba a sa a kastin ɗin farko ba, don kada masu kallo su zauna suna jiran fitowarsa.

Haka a Vertigo na 1958, nan ma aikin Saul Bass ne. Bakin wata mace ake fara nunawa, sai idanunta suna waige-waige, sai allo ya rine ja, sai wani zane mai juyawa kamar guguwa ya fito daga cikin ƙwayar idon. Labarin mutumin da jiri ke ɗiba ne idan ya hau sama, sai aka fara sa ke mai kallo jirin.

Kada ku ce sai Turawa. Iyayenmu da suka sha kallon Indiya sun san Woh Kaun Thi na 1964, wanda Sadhana da Manoj Kumar suka fito. Da dare ake buɗe shi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, likita na tuƙi sai ga mace da fararen kaya tsaye a hanya. Tana shiga motar magogin gilashi ya tsaya cak, ita ce kuma ta riƙa nuna masa hanya har ta sauka a maƙabarta. Sunan fim ɗin ma tambaya ce, wai wace ce ita, kuma wannan tambaya ce za ta riƙe ki a zaune har ƙarshe.

KI SAN ABIN DA JARUMA BA TA SANI BA

Ta uku ita ce uwar dabarun. Hitchcock ya taɓa bambanta firgita da zullumi a hirar da ya yi da daraktan Faransa François Truffaut. Misalinsa na bam ne a ƙarƙashin tebur. Idan mutum biyu na hira bam ya tashi ba zato, masu kallo za su firgita na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Amma idan an nuna musu lokacin da aka dasa bam ɗin, ga kuma agogo a bango suna gani, to hirar banza ma sai ta zama abin tsayuwar rai.

Bari in kawo shi gida. A ce kin ga kububuwa ta shige ƙarƙashin tulin albasa a rumfa, ga ƙanwarki ta taho tana waƙa za ta ɗebo wa Inna albasar miya, ke kuma kina nesa muryarki ba ta kaiwa. Macijin bai sari kowa ba tukuna, amma ke kin gama mutuwa a tsaye. Wannan shi ne zullumi, kuma a farkon fim ake dasa shi. A kastin ɗin Jaws kyamara na tafiya a ƙarƙashin ruwa kamar idon kifin ne kike kallo da shi, sai kwatsam a yanke a kai ki bakin teku inda samari da 'yan mata ke hira a gindin wuta. Su ba su sani ba, ke kin sani.

Don na 1978 kuwa, na Amitabh Bachchan, ta wata hanya ya bi. Kafin sunaye su fito sai da aka nuna shi a wurin wata cinikayya da miyagu, suka zaro masa bindiga, ya jefa musu jaka ta tashi da su. Sannan kiɗan Kalyanji da Anandji ya ɓarke, hotuna rinannu na gilmawa. An gaya miki ke nan cewa wannan mutum ba a cin amanarsa a kwana lafiya, duk wanda ya matso kusa da shi daga baya sai ki ji kina tausaya masa.

NAMU NA GIDA FA?

Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, finafinanmu sun yi nisa, ba mai musun haka. Amma a gaskiya da yawansu ba su ba farko haƙƙinsa ba. Sai a cika mu da tallar finafinai masu zuwa, da godiya ga Alhaji wane da Hajiya wance da suka ba da aron gida da mota, kafin a zo labari shinkafa ta huce. Wani kuma sai ya tsinto duk wuraren daɗin fim ɗin ya jera a kastin, har da wanda zai mutu da wadda za a aura, to me kuma ya rage? Godiya abu ne mai kyau, amma ƙarshen fim ma wuri ne.

Zuwan shirye-shirye masu dogon zango ya sa an fara gyarawa. Ki duba Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, sunan kaɗai agogo ne aka rataya wa mai kallo, kina ji kin san akwai wa'adi, kwanaki kuma tafiya suke. Abin takaici, daidai lokacin da masu fim ke ƙara ƙwarewa, mu kuma gajen haƙurinmu ke ƙaruwa. Kamfanin Netflix ma tun 2017 ya sa wani maɓalli na musamman don tsallake kastin.

YADDA TUNKIYATA TA TAFI

Na yi muku alkawarin labarin tunkiya. Kafin wannan dare na riga na gama littafina na farko. Tunkiyar da Inna ta ba ni na yi kiwo tun ina aji uku ita aka kai kasuwar Jega aka sayar, na biya kuɗin buga shi a kwamfuta da gurza 'yan kwafi, na rarraba wa ƙawaye da 'yan makarantar su ƙanwata don in ji ra'ayinsu kafin in nemi mai ɗaukar nauyi. Sati biyu shiru. Da na matsa wa wata ƙawata sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi ƙawata kada ki ji haushi, shafi na huɗu barci ya ɗauke ni, ban kuma komawa ba."

Na yi kuka ranar har Inna ta zaci mutuwa aka yi. Labarina yana da kyau, na sani, akwai kishiya, akwai sirri, akwai amanar da aka ci. Amma duk suna shafi na arba'in. Shafi takwas na farko asalin gidan su jaruma ne tun daga kakan kakanta, sai dogon hancinta, da gashinta har gadon baya, da irin motocin babanta. Ashe rajista na rubuta.

Bayan daren ɗakin Kaka na yage shafukan nan takwas. Na buɗe da daren sa lalle, gida cike da guɗa, amarya ita kaɗai a ɗaki tana jin waya na ruri a can ƙasan akwatin lefenta, wayar da ba tata ba, ba kuma wanda ya ce an sa ta a ciki. Ban faɗi ko ta wace ce ba sai shafi na sittin. Wannan ƙawar tawa dai na sake kai wa, washegari da sassafe sai ga ta da jan ido ta ce na hana ta barci, kuma saura ƙiris ta makara sallar asuba. Tunkiya ba ta dawo ba, amma littafin ya samu shiga. Saboda haka ƙannena masu sha'awar rubutu, ga shawara kyauta: shafin farko ki dasa tambaya, hancin jaruma zai iya jira.

KASTIN ƊIN DA BA A TSALLAKEWA

Akwai wani abu da ya fi fim da littafi, shi ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare, daga wajen Maiyama, ta samu manemi mai kuɗi da iya ado. Ranar zancensu na farko ya aiki ƙaninta ya sayo masa ruwa, yaron ya ɗan jima, yana dawowa ya ɗalle masa kunne a gabanta, sannan ya juyo yana murmushi ya ci gaba da daɗin baki. Zuwa na uku ya karɓi wayarta ya bincike ta tas, wai so ne ya kawo kishi. Goggonta ta ce a dakata a ƙara bincike, ita kuwa ta ce a kai ta wurin labari, wato biki da lefe da gidan bene. Shekara ɗaya da rabi auren ya yi, ta dawo gida da goyo da tabo a gefen ido. Da na je gaishe ta, ita da bakinta ta ce mini, "Ƙawata, tun ranar da ya taɓa yaron nan aka nuna mini komai, ni ce na ƙi kallo." Allah Ya musanya mata da mafi alheri.

Ban ce ku zama masu zargin kowa ba, mutanen kirki suna da yawa. Amma Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki lura da yadda yake yi wa yaro da almajiri da mai sayar da rake magana, da yadda fuskarsa ke komawa idan kin ce a'a. Idan kuma tsohuwa a gidanku ta ce wanga kiɗi ba na lahiya na ba, to ki saurara, kunnenta ya riga naki jin kiɗa.

Na ƙarshe, ga yayyen gida. Finafinan da na lissafa yawancinsu ba na yara ba ne, wasu ma ni kaina farkonsu kaɗai na gani, ban kuma ce ku je nema ba. Idan za ki kunna fim a gaban ƙannenki ki tsaya ki duba farkonsa. Finafinan Indiya na nuna takardar hukumar tacewa, harafin U na kowa da kowa ne, A kuwa na manya zalla. Namu na Najeriya lamba ake sawa, irin su 12 da 15 da 18. Ko babu takarda, kiɗa da launin kastin za su gaya miki gaskiya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wadda ta gwada zama ta kalli kastin har ƙarshe, ta rubuto mini abin da ta gano, zan sa wasiƙarta a wannan fili. Ku huta lafiya.

Taku har kullum, daga Kashin Zama.